Layin da na tsallake

An haife ni a Tudun Wadan Zariya a shekarar 1933, in dai lissafin da malamin makaranta ya yi mini ranar da ya sa na ɗora hannu bisa kai na taɓa kunne daidai ne. Yanzu idona ya yi rauni, jikana ne ke buga wannan a kwamfuta ina faɗa masa. Na ce masa ya bar sunana, don ba sunan ne abin ji ba.

Mahaifina lebura ne a loko, wato shagon da ake kwantar da kawunan jirgin ƙasa a wanke su, a kwashe musu toka, a loda musu kwal. Zariya a lokacin mahaɗa ce. Ga babban layin Ikko zuwa Kano, ga wanda ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, ga kuma ɗan siririn nan mai hawa Jos, wanda aka tuge shi a 1957. Baba yakan dawo gida baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai ido da haƙora. Bai iya boko ba, amma ya ga yadda akawu ke zaune a inuwa da alƙalami yana rubuta sunan wanda ke cikin rana, sai ya rantse ɗansa na fari zai riƙe alƙalami. Ni ne ɗan farin. Saboda kunya bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. "Kai yaro" nake, in kuma ransa ya yi fari, "Malam ƙarami".

Ina ɗan shekara tara na fara haɗa baƙi da kyau, nan take kuwa aka ba ni aiki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a garinmu ake buga ta tun watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta. Duk ranar da ta fito, Baba da abokan aikinsa sukan sayi ɗaya, bayan sallar la'asar a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, a zaunar da ni a tsakiya kamar ango. Haka na san yaƙin Hitila. Na karanta sunayen garuruwan da harshena ba ya iya juyawa, ina tuntuɓe dattawa na cewa "ci gaba, mun gane", alhali ni da su duk ba wanda ya gane. Mun dai san Faransa ta faɗi tun 1940, mun san Faransawan da ke mulkin Damagaram da Maraɗi suna bin gwamnatin da ta sallama wa Jamus, su kuwa na Cadi sun bi Digol, janar ɗin Faransa da ya ƙi sallamawa. Wannan ya fi komai tayar wa mutane hankali, don Jamus nesa take, amma Maraɗi kowa na da wanda ya sani a can. Masu zuwa daga Kano kuma suna ba da labarin jiragen sama da ake harhaɗawa a Takoradi, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Kartum har Masar. Wani lokaci a kawo majigi a haska mana tankoki a jikin farin ƙyalle, mu yara mu yi ta ihu ba mu san na wa ne ke cin na wa ba.

Yaƙin ya shigo gidanmu ta ƙofa uku. Ta farko Baffa, ƙanen Baba, wanda ya shiga soja. Ya fara da yaƙin Habasha da Italiyawa, ya dawo, aka sake kwasarsu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan Bama. Kakata, mahaifiyarsu, ba ta zama a tabarmar maza, sai ta tsaya a bayan ƙyauren zaure. In na gama ta kira ni: "Maigida, an ambaci Bama?" In na ce an ambata, ta ce, "An ambaci ɗana?" Kullum haka. Ta ɗauka tunda takarda ce, dole mai rubuta ta ya san kowa. Ƙofa ta biyu Kawu, yayan Inna. Da Japan ta cinye Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka juyo kan Filato. Aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka a tilas ana kai su haƙar kuza, dubbai bisa dubbai. Kawu ya tafi da ƙafarsa, ya dawo a kan jaki da tari, sanyin Bukuru ya shige masa ƙirji. Bai ga kaka ba. Wannan ban taɓa karanta shi a tabarma ba, a tsakar gida na ji shi, a kukan Inna.

Ƙofa ta uku ita ce kasuwa, kuma ita ce ba ta rufuwa. Gishiri ya ɓace, kananzir ya ɓace, yadin alawayyo ya zama sai wane da wane. Albashi kuwa yana nan inda yake kamar an ɗaure shi a turke. A 1942 ma'aikata sun matsa har gwamnati ta ba da wani ƙari na tsadar rayuwa, wanda mutanen Kudu ke kira Kola. Baba ya ce ranar da ya fara jin ana ta "Kola, Kola" a loko, ya ɗauka goro ake rigima a kai, tunda haka suke kiran goro, har ya ce a ransa mutanen nan ba su da aikin yi. Da ya ga ƙarin a hannunsa ya daina dariya. Amma kafin shekara biyu kasuwa ta haɗiye shi ba ko gyatsa.

Akwai wani maƙwabcinmu na wurin aiki, Bayarabe, akawu ne mai rubuta sunayen leburori da safe. A Sabon Gari yake zaune, amma yakan tako har wurinmu da kekensa, don ya daɗe a Arewa, Hausarsa ta nuna. Shi ke zuwa da jaridun Ikko, ya fassara wa dattawa abin da ya ga dama. Daga bakinsa na fara jin takardar da firaministan Ingila Cocil da shugaban Amurka Ruzbelt suka amince da ita a kan teku a watan Agustan 1941, mai cewa kowace al'umma na da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Daga bakinsa kuma muka ji Cocil ya koma majalisa ya ce mutanen Turai da Jamus ta danne yake nufi. Wani tsohon malami da ba ya rasa zaman nan ya yi murmushi ya ce, "To, ai mai rabon nama ba ya manta gidansu." A 1943 aka gayyaci 'yan jarida na Afirka ta Yamma zuwa Ingila, har da Malam Abubakar Imam da Azikiwe. Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai bisa wancan alkawari, Malam Abubakar bai sa hannu ba. Akawun nan ya yi ta ƙorafi a kan haka, dattawanmu kuma suka ce Malam ya fi shi sanin abin da ya gani. Na kawo wannan ne don a gane cewa zama ɗaya muke, ci ɗaya, amma akwai wani ɗan zare na rashin yarda a tsakani. Leburorinmu na ganin duk abin da za a samu akawu ne zai fara sha, su sai sauran ƙwarya.

Ranar 8 ga Mayun 1945 aka ce yaƙin Turai ya ƙare. Aka yi kaɗe-kaɗe, mu 'yan makaranta aka jera mu muka yi maci. Kakata ta tambaye ni ko Baffa zai dawo ke nan, na ce nasu yaƙin da Japan ne, bai ƙare ba. Ta ce, "Yaƙin ma kashi-kashi ne kamar tumatir?"

Ba a yi wata biyu ba namu ya tashi. Ƙungiyoyin ma'aikata sun nemi a ƙara rabin Kola a kan Kola, kuma kada lebura ya samu ƙasa da sule biyu da sisi a rana. Abin da Baba ke samu bai ko kama ƙafar wannan ba. Gwamna Richards yana hutu a Ingila, muƙaddashinsa ya ce ƙarin kuɗi ba abin da zai haifar sai ƙarin tsada. A daidai lokacin aka saki Michael Imoudu, shugaban ma'aikatan reluwe, wanda aka tsare tun farkon 1943. Wasu shugabannin, irin su Bankole, sun so a ɗaga da mako biyu, ma'aikata suka ƙi. Daren 21 ga Yuni wayewar 22 aka ajiye aiki. Mutum fiye da dubu talatin a faɗin ƙasa: reluwe, gidan waya, tashar jiragen ruwa, ma'aikatar ayyuka, madaba'ar gwamnati.

Abin da ba zan manta ba shi ne shirun. Wanda ya tashi kusa da tasha, kukan jirgi ne agogonsa, Inna da shi take sanin lokacin ɗora tukunya. Ran nan gari ya waye ba usur, ba hayaƙi. Kaji ma kamar sun rikice. Kuma ga abin mamaki: shekara uku ina karanta labarin mutanen da ban sani ba, yau labari ya zo kanmu, sai hanyar labarin ta toshe. Jirgin da ke kawo jaridun Ikko yana kwance, masu buga waya suna gida. A watan Yuli gwamnati ta rufe West African Pilot da Daily Comet, jaridun Azikiwe, saboda goyon bayan yajin. Sai ji-ta-ji-ta ta samu fili. Yau a ce an kama Imoudu, gobe a ce harsashi ba ya kama shi, jibi a ce ana neman kashe Azikiwe ya ɓuya. Direban babbar mota in ya iso daga Kudu sai a kewaye shi kamar mai maganin gargajiya a kasuwa.

Akawun nan yana da wani aboki mai akwatin rediyo, to ta nan labarin duniya ke ɗigo mana. Kwana huɗu da fara yajin, ƙasashe hamsin suka sa hannu a San Faransisko aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya yi ta bayani da zumuɗi, wani lebura ya katse shi ya ce, "Mu da wa ya wakilce mu?" Ya ce Ingila. Aka yi dariyar da ba ta da daɗi. Sai a ƙarshen Yuli, manya na tsakiyar taro a Fotsdam suna yanka Jamus, labari ya zo cewa Cocil ya faɗi zaɓe, jam'iyyar Leba ta hau, Atili ya zama firaminista. Wannan kam ya girgiza tabarmarmu. Mutumin da na shekara uku ina karanta sunansa kamar shi ya riƙe sama kada ta faɗo, mutanensa sun ce ya sauka, ya kuwa sauka. Kuma wai Leba. Wani ya tashi tsaye ya ce, "Leburori sun ci Ingila! Shi ke nan, 'yan'uwanmu ne." Tsohon malamin nan ya ce masa ya zauna, leburan Ingila da takalmi yake zuwa aiki.

Amma na yi gaba. Abin da ya sa na ce a rubuta wannan ya faru ne kafin nan, wajen mako na uku ko na huɗu.

Damina ce, lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Akawu yana da ɗan abin da ya tara, mai sana'ar hannu yakan samu gyaran keke ko kwano a gari. Lebura ba shi da komai sai ƙarfinsa. Inna ta fara sayar da tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya, waɗanda take gogewa da toka duk Juma'a. Muka koma cin tafasa da rama, tuwo sau ɗaya. Ƙanwata da ke goye ta kama zawo. Da dare nakan ji Baba da Inna suna magana ƙasa-ƙasa, ita ba ta ce ya koma ba, ba ta kuma ce kada ya koma ba, sai dai ta ce, "Malam, tasa biyu ta rage."

Ran nan da hantsi aka ce an manna takarda a ƙofar wurin aiki. Baba ya ce, "Kai yaro, taso." Muka tarar da mutum kamar arba'in a tsaye, 'yan sanda biyu a gefe da kulake. Takardar Turanci ne a sama, Hausa a ƙasa. Akawun yana nan, da ma ya karanta musu, amma leburori suka ce a'a, ga ɗanmu, shi zai karanta mana da bakinmu, don ba mu san abin da ake rage mana ba. Wani ya ɗaga ni ya ɗora a kan gangar mai.

Na fara. Gwamnati na kiran ma'aikata su koma bakin aiki. Wanda ya koma za a kare shi daga masu tsangwama. Ba za a biya kwanakin da ba a yi aiki ba. Ina karanta wannan, idona ya riga bakina sauka layi na gaba, na ga abin da ke ciki: wanda bai koma ba zuwa rana kaza, a ɗauka ya bar aikinsa da kansa, za a ɗauki wani a gurbinsa, shekarun da ya yi kuma sun tafi.

Na ɗago na dubi Baba. Yana tsaye ya harɗe hannu a baya, ya ɗan karkatar da kai yadda yake yi in yana sauraro, rigarsa ta yi masa yawa. Shekara goma sha shida yake da ita a loko. Har yau ina tambayar kaina me ya shiga raina. Ba zan ce kishin ma'aikata ba ne, ɗan shekara goma sha biyu me ya sani. Abin da na fi zato shi ne, a makonnin nan na ga ana yi wa Baba wani irin kallo da ban taɓa gani ba. Mutumin da ake kira da "kai" a wurin aiki, yanzu in ya yi magana a tabarma har akawu yakan yi shiru. Na kuma ji sunan da ake kiran waɗanda suka saɓa suka koma da dare, na ga yadda mata ke juya wa matansu baya a bakin rijiya. Ban so a kira Baba da sunan nan ba. Sai na tsallake layin. Na sauka kan na ƙarshe, mai sa hannun Bature, na ce, "Shi ke nan."

Wani ya ce, "Iyakarta ke nan? Ba za a biya mu ba? Da ma wa ya sa rai!" Aka yi shewa, aka watse. Da aka sauke ni daga ganga, muka haɗa ido da akawun. Ya san abin da ke saman takardar, ya kuma ji abin da na karanta a ƙasanta. Bai ce uffan ba. Ya ɗora mini hannu a ka, ya hau kekensa. Daga baya maganar kora ta bazu a gari, amma ta bazu ne a cikin sauran ji-ta-ji-ta, kuma duk wanda ya kawo ta sai a ce masa ƙarya ne, yaron gidan wane ya karanta mana takardar da bakinsa, babu wannan a ciki.

Kwana goma bayan nan ƙanwata ta rasu. Ban ce yajin ne ya kashe ta ba, yara na mutuwa da damina ko da aiki ko babu. Amma ban taɓa iya cewa ba shi ba ne.

A Ikko an janye yajin a farkon Agusta, bayan kwana 44, bisa alkawarin ba za a hukunta kowa ba kuma za a kafa kwamitin bincike. Mu a nan ba a yarda nan da nan ba, aka ce dabara ce, sai da aka ga mutanen ƙungiya da ido suka tabbatar, shi ya sa aka ƙara kwanaki. Cikin 'yan kwanakin aka jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga wata, aka ƙara a Nagasaki ranar 9, azumi ya kama, ranar 15 Japan ta sallama. Na karanta wa dattawa cewa bam ɗaya ya share gari guda, suka ce in sake dubawa, wataƙila na tsallake wani abu. Gabana ya faɗi. Wasa suke yi.

Ba a kori Baba ba. A 1946 kwamitin Tudor Davies ya ce ma'aikata na da gaskiya, aka ƙara rabin Kola. Inna ta sayi tasoshi biyu sababbi, ba su kai na da kyau ba. A shekarar ne Baffa ya dawo daga Bama da akwatin ƙarfe da zazzaɓin da bai taɓa rabuwa da shi ba, da labarin yadda ya ga Indiyawa na yi wa Turawa ihu a titi ba wanda ya mutu don tsoro. Kakata ta shafa fuskarsa ta ce da ma ta san jarida ƙarya take, tunda ba ta taɓa ambatarsa ba. Shi kuwa Baba, sunansa ya zauna a loko a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda ba su tanƙwara ba. Da aka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu ranar 18 ga Nuwamban 1949, shi aka ba ƙoƙon karo-karo na leburori, ya bi su ɗaya-ɗaya yana cewa kwal ɗin da muke lodawa hannun mutanen nan ne ya haƙo shi. Har heluma ya zama kafin ya yi ritaya. Duk wannan ina gani, ina kuma sane da abin da ke ƙarƙashinsa.

Na riƙe alƙalamin da ya so, na zama akawun gwamnati a Kaduna. A watan Yunin 1964 aka sake yajin gama-gari a kan rahoton kwamitin Morgan mai duba albashin ma'aikata, Imoudu dai na nan a gaba, wannan karon Bature ya tafi, da namu muke yi. Ni ma na ajiye aiki. Da yake ba abin yi, na hau mota na je Zariya. Na tarar da Baba a zaure, ya tsufa, tarin ƙurar kwal ya kama shi. Ya ce, "Malam ƙarami, ku ma kun yi yaji?" Na ce mun yi. Ya yi dariya ya fara ba ni labarin nasu, kamar ba na nan aka yi, har ya zo kan ranar takarda da gangar mai.

Na ce, "Baba, akwai layin da ban karanta ba ran nan."

Na faɗa masa abin da ke cikinsa, kalma bayan kalma, don ban manta ko ɗaya ba. Na sa rai zai ce ya sani, ko ya ce ba komai, ko da an karanta ba zai koma ba. Ya daɗe yana kallon bakin ƙofa.

Ya ce, "Da ka karanta, da asuba ina loko."

Na yi shiru.

Ya ce, "Da ni, da mutum goma da na sani. Yarinyar nan tana kwance." Ya ja carbinsa kaɗan, ya tsaya. "Kuma da na koma, da ban ƙara ɗaga kai a garin nan ba. To ka ga ban san abin da zan ce maka ba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Aka kira la'asar muka je muka dawo. Akwai jaridar ranar a aljihuna, ya hango ta, ya nuna da haɓa. Na buɗe, na gyara zama a tabarma.

Ya ce, "Daga sama. Har ƙasa."